Ina da ciwon suga, in tafi Masar a dasa mini haƙora cikin mako guda?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shekaruna 47. Shekara huɗu da suka wuce na faɗi a kan babur, haƙorana biyu na gaba na sama suka fita. Akwai kuma turmi ɗaya na ƙasa da aka cire mini tun da daɗewa. Haƙoran roba nake sawa, amma yanzu sun saki, har ina tsoron dariya a cikin mutane kada su faɗo. Ina da ciwon suga, ina shan magani, ina cin goro, kuma ina ɗan taɓa sigari. Wani abokina ya ce in je Masar, cikin mako guda za a dasa mini haƙora masu ƙarfe a ƙashi in dawo. Shin wannan dashen ya dace da ni? Mene ne haɗarinsa?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya kiyaye gaba.

Ana iya dasa maka haƙori, ciwon suga shi kaɗai bai hana ba. Amma ba cikin mako guda ba, kuma ba da yankan tikitin jirgi za ka fara ba. Bakin da ya shekara huɗu da giɓi a gaba, ka ƙiyasta masa wata shida zuwa shekara guda kafin aiki ya kammala, kuma yawancin watannin nan jira ne kawai.

Mutane da yawa suna auna dashe da haƙorin Makka, shi ya sa suke ganin abu ne na zama ɗaya. Haƙorin Makka hula ce ake ɗorawa a kan haƙorin da yake da saiwarsa. Kai kuwa saiwar ce ta tafi, ita za a maye. Haƙorin dashe kashi uku ne. Akwai sukurun ƙarfen titaniyam da ake murzawa cikin ƙashin muƙamuƙi, kaurinsa yawanci milimita 3 da rabi zuwa 5, tsayinsa milimita 8 zuwa 13. Akwai ɗan mahaɗi da ake ɗaurawa a kansa ya leƙo ta cikin dasashi. Sannan haƙorin da ido ke gani, wanda ake ƙerawa da tangaran ko zarkoniya (wani nau'in tangaran mai ƙarfi sosai) daidai launin sauran haƙoranka. Sukurun ba gam ke riƙe shi ba. Ƙashi ne yake tsirowa ya manne da fatar ƙarfen har su zama ɗaya. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura da wannan a shekarun 1950 lokacin da ya kasa ciro titaniyam daga ƙashin zomo, kuma a 1965 ya fara dasa wa mutum. Tun daga lokacin an gyara siffar sukurun da fatarsa sosai, amma ba a samo yadda za a sa ƙashi ya yi sauri yadda ake so ba. A muƙamuƙin ƙasa, inda ƙashi yake da tauri, ana jira wata biyu zuwa huɗu. A sama, inda yake da laushi, wata uku zuwa shida. Ginshiƙi ne aka kafa a ɗanyen siminti: in aka jijjiga shi kafin ya kama, ba zai taɓa kamawa ba.

Babbar matsalarka, a ganinmu, ƙashi ce. Ƙashin da ke riƙe haƙori yana rayuwa ne saboda haƙorin. Da zarar haƙori ya fita sai ya fara zaizayewa, kuma cikin shekarar farko kaɗai yana iya rasa kusan rabin faɗinsa, galibin wannan a watanni ukun farko. A gaban muƙamuƙin sama abin ya fi muni, domin bangon ƙashin da ke ɓangaren leɓe siriri ne ƙwarai, sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, kuma faɗuwar babur takan fasa shi tun a ranar. Sakin da haƙoran robarka suka yi ma alama ce: robar ba ta canja ba, abin da take zaune a kai ne ya motse. Sukuru mai kaurin milimita 4 yana son ƙashi mai faɗin aƙalla 6 zuwa 7, domin a sami ƙashi ya kewaye shi gaba da baya. Bayan shekara huɗu, da wuya a tarar da haka.

Ido ba ya gane wannan, yatsa ma ba ya ganewa, domin dasashi mai kauri yana ɓoye siririn ƙashi. Hoton da ake ɗauka na baki gaba ɗaya yana nuna tsayin ƙashi amma ba ya nuna faɗinsa. Wanda ake buƙata shi ne hoton CBCT, mai nuna ƙashi ta kowace fuska ana aunawa da milimita. Likitan da ya yanka maka farashi da rana kafin ya ga wannan hoton, ka ɗauki hularka ka fita.

Idan ƙashin ya ragu kaɗan ne, ana dasa sukurun a cike gefensa da garin ƙashi a rana ɗaya, a lulluɓe da wata siririyar fata a ɗinke. Idan ya ragu sosai, sai an fara gina ƙashin shi kaɗai, a jira wata huɗu zuwa shida ko fiye, sannan a dawo a dasa. Wani lokaci ana yanko ɗan guntun ƙashi daga haɓarka ko bayan muƙamuƙinka a ɗaure shi a wurin. Ga wani abu da ya kamata ka tambaya da bakinka, domin ba kowane likita yake tunawa ya faɗa ba: garin ƙashin da aka fi amfani da shi daga saniya ake sarrafa shi, amma fatar lulluɓin da ta fi yaɗuwa a duniya daga alade ake samo ta. Akwai ta saniya, akwai wadda aka haɗa a masana'anta. Ka faɗa tun kafin ranar aiki domin a tanadi wadda ka yarda da ita.

Haƙoran gaba kuma suna da nasu wahalar da turame ba su da ita, wato kyan gani. Dole a bar tazarar milimita ɗaya da rabi tsakanin sukuru da haƙorin da ke maƙwabtaka da shi, da milimita 3 tsakanin sukuru da sukuru. In aka matse su, ƙashin tsakaninsu ya narke, ɗan tsinin dasashin da ke cike tsakanin haƙora biyu ya ɓace, sai a riƙa ganin baƙin rami in ka yi murmushi, iska da yawu suna fita ta nan. In kuma aka karkata sukurun zuwa leɓe, dasashi ya janye, ƙarfe ya riƙa haskowa toka-toka. Irin wannan kuskuren ba ya gyaruwa da sauƙi, sai an ciro sukurun. Idan haƙoran da ka rasa babba ne da ƙaramin da ke gefensa, wasu likitocin sukan dasa sukuru ɗaya ya ɗauki haƙora biyu, kuma sau da yawa ya fi kyau a ido. A kuma gwada haƙoran da ke gefen giɓin ko suna da rai. Haƙorin da ya bugu a hatsari yana iya mutuwa shiru ya tara ƙwayoyin cuta a gindinsa ba tare da ciwo ba, kuma wannan yana iya ɓata dashen da ke kusa da shi.

Sai suga. Awon da kake yi da safe da ɗigon jini yana faɗin halin wannan safiyar ce kawai. Likitan haƙori zai nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Idan yana wajen kashi 7 cikin 100 ko ƙasa, sakamakon dashe yana kusa da na wanda ba shi da ciwon. Idan ya haura 8, yawancin masu lura sukan ɗage aiki har ya sauko. Dalili shi ne suga mai yawa yana raunana ƙananan hanyoyin jini da ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, rauni ya ƙi warkewa, ƙashi ya yi nawar kamawa. Kuma ba sauke shi na wata ɗaya domin a ci jarrabawa ake nufi ba, domin dashen zai zauna a bakinka shekaru, duk lokacin da suga ya hau dasashin da ke kewaye da shi ne zai fara nunawa.

Sigari kuwa ba mu da lallashi a kanta. Nikotin yana matse hanyoyin jinin dasashi, kuma dashe yana lalacewa a bakin masu shan taba kusan ninki biyu na waɗanda ba sa sha. Inda aka yi ginin ƙashi haɗarin ya fi haka, domin ɗinkin yakan buɗe garin ya zube. Mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne a daina mako ɗaya kafin aiki da mako takwas bayansa. Shisha da taba gari duk suna ciki. Mai suga da ke shan taba ya haɗa manyan haɗura biyu a baki ɗaya, don haka mu shawararmu a bar ta gaba ɗaya, in ba haka ba kuɗin dashen ya fi amfani a jarin kasuwarka.

Idan dasashinka yana zubar da jini lokacin goge baki, ko akwai haƙorin da ke girgiɗi, ko tsatsa ta taru a gindin haƙora, da nan za a fara. A wanke, a yi maganin dasashi, a cike masu rami. Ƙwayoyin cutar da ke cin ƙashin haƙoran asali su ne za su koma kan sukurun. Ka kuma kai wa likita duk magungunan da kake sha a cikin kwalayensu. Masu tsinka jini irin su warfarin da clopidogrel suna buƙatar shiri, amma kada ka daina su da kanka. Magungunan ƙarfafa ƙashi irin su alendronate, da allurar zoledronate ko denosumab, suna iya sa ƙashin muƙamuƙi ya ƙi warkewa bayan tiyata. Wanda aka taɓa gasa wa kai ko wuya saboda ciwon daji, da mai sikila, su ma sai an yi shawara da likitocinsu.

Ranar aikin kanta ba ta kai yadda ake tsoro ba. Ka karɓi lokacin safe, ka karya kumallo, ka sha maganin sugarka kamar kullum. Allurar kashe zafi ce irin ta cire haƙori, kana farke. Ana tsaga dasashi a ɗaga shi, a fara huda da siririn maƙwaƙuli mai kaurin milimita 2, a riƙa ƙara girma a hankali har ramin ya dace da sukurun. Duk tsawon hudar ana kwarara ruwan gishiri mai sanyi, domin ƙashin da ya yi zafin digiri 47 na minti ɗaya ya mutu, kuma mataccen ƙashi ba ya kama ƙarfe. Tsohon maƙwaƙuli da ya dakushe da hannun da ke gaggawa su ne ke jawo wannan. Sai a murza sukurun, a auna ƙarfin kamunsa, a rufe a ɗinke. Sukuru ɗaya ba tare da ginin ƙashi ba bai cika wuce awa guda ba.

A gida ka cije audugar da aka sa maka minti 30 zuwa 45. Ranar farko babu kurkure baki da ƙarfi, babu tofar da yawu da ƙarfi, babu shayi mai zafi. A alwala ka sa ruwa a hankali ka bar shi ya zubo da kansa. Ƙanƙara a cikin tsumma a kan leɓe, minti 15 a ɗage minti 15. Daga rana ta biyu ka riƙa kurkurewa da rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofin ruwan ɗumi, ko ruwan kurkure baki mai kashe ƙwayoyin cuta, chlorhexidine, idan an rubuta maka. Kumburi yana kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku sannan ya fara sauka, zare kuma ana cire shi tsakanin kwana 7 zuwa 14. Abinci mai laushi: ƙwai, kifi, alala, faten wake, kindirmo marar sukari. Kada ka koma kan koko da kunu masu sukari don ka kasa tauna, sugarka ta haye a makon da aka fi son ta zauna. Saboda wannan da shan magani a kan lokaci, kada a sa maka ranar aiki a cikin azumi.

Haƙoran robarka na yanzu suna iya zama abokan gaba a wannan lokacin. In suna danna wurin aikin, suna iya buɗe ɗinki ko su jijjiga sukurun. Dole likita ya rarake cikinsu ya sa abu mai laushi, ko ya yi maka na wucin gadi da ke rataye a jikin haƙoran gefe, domin kada ka zauna da wawulo a shago.

Kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, zazzaɓi, ruwa mai wari, ko jinin da ya ƙi tsayawa, a koma wurin likita a ranar. Akwai kuma haɗarin da ya shafi dashen turminka na ƙasa. Wata jijiya tana bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa, ita ke ba leɓe da haɓa ji. Ana barin aƙalla milimita 2 tsakaninta da ƙarshen sukuru. Idan allura ta sake ka amma leɓenka na ƙasa yana nan a mace bayan awa shida zuwa takwas, kada ka jira gobe. In sukurun ne ya danne jijiyar, ciro shi cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi shi ne babbar damar dawowar ji.

Turmin nan ma a duba shi da kyau kafin a kashe masa kuɗi. Giɓin da ya daɗe, haƙorin bayansa yakan kwanto ciki, na sama kuma ya zubo ƙasa domin ba abin da ke tare shi, har wurin sa sabon haƙori ya ƙuntata. Idan kuma turmin ƙarshe ne kuma sauran suna nan lafiya kana tauna ba matsala, ba dole ne a maye shi ba.

Yanzu batun Masar. Akwai ƙwararrun likitocin haƙori a can, kamar yadda suke a Indiya da Turkiyya, ba ƙasar ce abin zargi ba. Sa haƙori a ranar da aka dasa sukuru ma abu ne da ake yi, amma da sharuɗɗa: ƙashi isasshe, sukurun ya kama da ƙarfi tun ranar, haƙorin na wucin gadi ne da ba ya taɓa na ƙasa in an cije, mutumin kuma ba mai shan taba ba ne. Ka auna kanka da waɗannan. Ko ga wanda ya cika su, haƙorin dindindin sai bayan watanni, wato tafiya ta biyu. Wanda zai yi ginin ƙashi, tafiya uku. Ka haɗa kuɗin jirgi da masauki sau uku kafin ka ce can ya fi araha. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne wa zai duba ka idan ɗinki ya buɗe kwana goma bayan ka sauka a Kano. Kamfanonin sukurun nan suna da yawa, Straumann, Nobel Biocare, Osstem da sauransu, kowanne da nasa mahaɗin da nasa abin kwancewa. Likitan gida yana iya son taimaka maka ya rasa abin da zai kwance ɗan sukurun da ya saki. Duk inda aka yi maka, ka karɓi takarda mai ɗauke da sunan kamfani, samfuri, kauri, tsayi da lambar kowane sukuru, tare da hotunanka, ka adana su tare da takardun gida.

A gida, ka fara da sashen haƙori na asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da ke kusa da kai, a duba bakin gaba ɗaya a nuna maka inda za ka yi hoton. Duk wanda zai huda maka ƙashi, ka tabbatar likitan haƙori ne mai rajista da hukumar MDCN, wadda ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Najeriya. Mai ƙera haƙora a ɗakin gwaji sana'arsa daban, ba shi ke tiyata ba. Ka tambayi likitan sau nawa ya yi dashe a haƙoran gaba, ka nemi ganin hotunan aikinsa bayan shekara ɗaya ko biyu, domin hoton ranar gamawa kowa nasa yana kyau. Kuɗi kuma a rubuta maka dalla-dalla: hoto, ginin ƙashi, sukuru, mahaɗi, haƙorin wucin gadi, na dindindin, da abin da zai faru idan sukurun bai kama ba. Kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma inshorar lafiya galibi ba ta biya. Farashin da aka fara faɗa maka sau da yawa na sukurun ne kaɗai.

Idan gwaji ya nuna dashe bai dace ba tukuna, ba ka rasa mafita ba. Robar da ta saki ana iya yi mata sabon ciki ta zauna daram, aikin kwana ɗaya ko biyu ne. Akwai na cirewa mai firam ɗin ƙarfe da ke kama haƙoran baya, ya fi robar zalla riƙo kuma bai cika rufe ganɗa ba. Akwai kuma gada, wato haƙoran da ake haɗawa jere a manne su dindindin a kan haƙoran da ke gefen giɓin, sai dai ana fiƙe lafiyayyun haƙoran gefe domin su ɗauke ta, kuma ga manyan haƙoran gaba biyu sau da yawa sai an haɗa har da fiƙoƙi, haƙora huɗu ke nan za a taɓa domin a maye biyu. Wannan shi ne babban abin da dashe ya fi gada da shi.

Dashen da aka yi da kyau, fiye da 90 cikin 100 suna nan bayan shekara goma. Haƙorin saman yana iya buƙatar canji bayan shekara 10 zuwa 15 ko da sukurun yana lafiya. Ƙarfe ba ya rami, amma dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi suna kamuwa, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar masu dashe yana samun wannan zaizayar ƙashin a tsawon shekaru. Ba ta zuwa da ciwo. Jini lokacin goge baki shi ne alamar farko, kuma a wannan matakin wankewa tana mayar da shi. In aka bari har sukurun ya fara motsi, ya tafi. Ka tambaya ko za a iya ɗaura haƙorin da ɗan sukuru maimakon gam, domin ragowar gam da ya maƙale ƙarƙashin dasashi yana cikin abubuwan da ke haddasa wannan ciwon, kuma na sukuru ana iya kwance shi a gyara.

Goge baki sau biyu a rana da burushi mai laushi, da ɗan burushin tsakanin haƙora ko zare kullum. Asuwaki ba laifi in ka tausasa bakinsa, amma ba ya shiga tsakani. Tsinken sakace, gawayi da toka a bar su. A duba ka duk wata shida, mai suga ma duk wata uku zuwa huɗu ya fi. Haƙorin asali yana da wata siririyar jijiya tsakaninsa da ƙashi da ke gaya maka ka cije da yawa, dashe ba shi da ita, don haka tangaran yakan tsage kafin ka ji komai. Rake, aya, goruba, busasshen kilishi da ƙashin nama ba na haƙoran gaba ba ne daga yanzu. Goron kuma a yanka shi da wuƙa ƙanana a kai shi turame, a kurkure baki bayansa. Idan iyali sun taɓa gaya maka kana cizon haƙora cikin barci, ka faɗa wa likita, zai yi maka robar kariya da za ka riƙa kwana da ita.